Maliki Mai Adafta da Kunnen Injiniya

A shekarar 1984, shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, Zailani mai gyaran rediyo ya fara ganin Maliki. Ranar Laraba ce, bayan la'asar. Wani dogon mutum siriri ya tsaya a bakin rumfarsa a kasuwar Daura, da rediyo naɗe cikin tsohon zani. Ya yi sallama, ya ce daga garin Babban Mutum yake, rediyon ta mahaifinsa ce, ta daina magana, kuma so yake ya sayar da ita ya auni dawa. Zailani ya kwance bayanta, ya sa batir, ya kara kunne, ya ce waya ɗaya ce ta saki. Ya ɗiga mata dalma, rediyo ta kama magana. Baƙon ya sayar da ita a ranar, ya aika da dawa gida, shi kuwa bai koma ba sai da damina ta kewayo.

Zailani yana da shekara ashirin da takwas a lokacin. Ya yi makarantar koyon sana'a a Kaduna, takardar shaidarsa tana rataye cikin gilashi a bangon rumfa, kuma yana karanta zanen cikin rediyo kamar yadda ake karanta wasiƙa. Gari duka Injiniya ake ce masa. Amma ba takardar ce abin alfaharinsa ba, kunnensa ne. Akan kawo masa rediyo, kafin ya taɓa sukundireba ya rufe ido ya saurara, ya faɗi abin da ke damunta, a buɗe a tarar haka ne. A wancan zamani rediyo abu ce mai daraja. Ana ɗinka mata rigar fata, ana shafe ta da ƙyalle, dattawa su kewaye ta lokacin labaran rana ba mai tari. Wanda ya iya warkar da ita kuwa, ko a wurin ɗaurin aure sai an matsa masa wuri a kan tabarma.

Maliki bai yi boko ba, allo kawai ya yi. Ya fara da faifan batir a tsallaken rumfar Zailani, taku goma sha biyu tsakani. Daga batir ya koma kaset. Da wayar hannu ta iso, ya sayi ɗan janareta yana yi wa mutane caji. Daga baya ya yi tebur mai gilashi, ya jera caja da iyafis da rigunan waya. Ya ɗauko matarsa Ikilima daga ƙauye, suka haifi 'ya'ya biyar a gidan haya, har ya gina nasa ɗaki uku. Duk damina yakan rufe tebur kwana goma ya je ya yi noman fari a gonar mahaifinsa, ya dawo baƙi wuluk, hannu duk kanta. Ba shi da yawan magana, ba ya zama majalisa, hularsa ɗaya ce sai ta mutu yake sake wata. Shekara arba'in Zailani yana kiransa Mai Batir, shi kuma yana amsawa.

Rediyo ta yi ta ja da baya a hankali. Zailani ya ga haka, ya haƙura, don yana ganin ko ba komai shi ne mai ilimin, wancan ɗan tireda ne. Abin da ya ɓata lissafin shi ne wayoyin da suka fara shigowa ba su da ramin iyafis. Rami ɗaya gare su, na caji. Wanda yake son ya ji abu a kunnensa shi kaɗai, sai ya sayi wata 'yar gajeriyar igiya da ake kira adafta, bakinta ɗaya ya shiga ramin caji, ɗayan ya karɓi iyafis. Ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, amma ta fi kowace rediyo rigima. Yau ta yi shiru, gobe ta yi ƙara-ƙara, jibi kana jin mutum shi ba ya jin ka.

A nan Maliki ya yi suna. Yana da abu uku a cikin gwangwani da yake kira shaidu: iyafis ɗaya, adafta ɗaya, da tsohuwar waya ɗaya, duka ya tabbatar da lafiyarsu. In an kawo masa ƙara, ba ya sauya abu biyu a lokaci guda. Sai ya cire iyafis ɗin mai waya ya sa nasa. In ba a dace ba ya mayar, ya sauya adafta. A haka har mai laifi ya fito. Ya gane da kansa cewa wata adafta akwai ɗan aisi a cikinta, wato 'yar ƙwaƙwalwar lantarki, wata babu, kuma wata wayar ba ta magana sai da mai aisi. Ya gane rigar waya mai kauri tana hana baki shiga har ƙarshe. Ya gane wani lokaci wayar tana can manne da wata lasifika ta bulutut da aka manta ba a kashe ba. In mutum ya ce ɓangare ɗaya ba ya ji, sai ya sa shi ya musanya, na dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama, a ga ko shirun zai bi iyafis ɗin.

Zailani yana zaune a rumfarsa yana jin komai, ko yana ganin yana ji.

Wata safiya wani makiyayi mai suna Yazid ya zo da sandarsa a kafaɗa, ya ajiye waya a kan gilashi.

“Baba Maliki, wayar nan ta kurumce.”

“A wane aljihu kake sa ta?”

“Na gaba.”

“Me da me ke cikin aljihun?”

Yazid ya yi tunani. “Goro. Da 'yar kanwa. Wani lokaci dusa, in zan kira maraƙi.”

“To ai ba kurumcewa ta yi ba, ƙoshi ta yi.”

Aka yi dariya. Maliki ya ɗauki tsinken sakace, don ba ya yarda allura ta shiga ramin caji, ya yi ta sakato wani dunƙulen zare da gari har ya tara abin da ya kai ƙwayar dawa. Ya tura adafta ta shige, aka ji ɗan ƙas. Yazid ya sa a kunne, fuskarsa ta washe, ya tafi yana gyaɗa kai.

Zailani ya dubi mitarsa da ƙarfen liƙinsa da filayoyi huɗu da ya jera bisa tsari, sannan ya dubi tsinken sakace. Ya ƙirga kawunan da ke gaban teburin Maliki, goma sha ɗaya. A gabansa shi kuwa tsoho ɗaya ne, da tocila mai tsatsa. Abin da ya fi ci masa rai, yanzu har “Injiniya Maliki” ya fara ji a bakin matasa. Ran da ya fara jin haka bai iya cin tuwon dare ba. Matarsa Kulu ta tambaye shi ko ciki ne, ya ce gishiri ne ya yi yawa.

Abu ɗaya ya rage masa wanda ba a raba shi da kowa ba. Har yanzu in gardama ta tashi a kan sauti, ko lasifikar masallaci ce ko ta masu biki, akan ce a kai wa kunnen Injiniya, kuma kowa ya san wane Injiniya ake nufi. Da wannan yake fitowa kasuwa kowace safiya.

A farkon shekarar 2023, Anwar direba, mai jigila tsakanin Daura da Kongolam, ya biyo ta rumfarsa. Tsohon mai kawo masa rediyon mota ne. Ya ce ya sayi adafta wurin Maliki, in mota ta shiga gargada sai ta riƙa yankewa, ga shi teburin ya cika, ko Injiniya zai duba masa. Zailani ya karɓa kamar ba ya so. Ya sa iyafis a kunnuwa biyu, ya rufe ido yadda ya saba. Dama tana fita tas. Hagu kuwa can ƙasa take, kamar mai magana daga cikin rijiya. Wani daɗi ya ratsa shi tun daga ƙirji.

“Yankewa ai ƙaramin abu ne,” in ji shi. “Ba ka ji hagu ta mutu rabi ba?”

Anwar ya karɓa ya saurara. “Ni dai kamar ina jin duka.”

“Kunnen da ya shekara ashirin yana shan ƙarar inji? Sake ji.”

Anwar ya sake ji, ya ɗan karkata kai. “Wallahi kuma kamar haka ne.”

Ya tsallaka ya mayar. Zailani yana kallo. Maliki ya gwada da shaidunsa, ya sa a kunnensa, ya daɗe yana saurare, ya ɗago ya dubi rumfar Zailani. Sannan ya buɗe gilashi ya ba Anwar wata.

Cikin wata biyu adafta bakwai aka kawo wa Zailani daga teburin Maliki, bakwai ɗin duka hagu ba ta fita sosai. Bai yi ƙarya ko sau ɗaya ba, abin da ya ji shi ya faɗa. Sai dai ya faɗe shi da ƙarfi, ya kuma faɗe shi a wurin mai shayi da bakin masallaci.

“Kayan Mai Batir kunne ɗaya gare su. Ba laifinsa ba ne, bawan Allah. Abin da ba ka karanta ba, ba ka karanta ba.”

Maganar ta zaga. Kawunan gaban tebur suka ragu zuwa shida, wata rana huɗu. Maliki ya ci gaba da musanya wa duk wanda ya dawo, ya ci gaba da gaishe da Zailani kowace safiya, har da tambayar ƙafar Kulu da ke ciwo. Wannan gaisuwar ma haushi take ba Zailani. Ya fi son a zo a yi gardama, ya ciro takarda da biro ya zana wa mutum yadda sauti ke rabuwa biyu.

Wanda ya kawo ƙarshen abin shi ne Malam Sha'aban, mai makaranta a wajen unguwar Kusugu. Ɗalibansa da suka yi nisa, wasu a Legas wasu a Agadas, sukan turo masa karatunsu ta waya, ya sa iyafis ya saurara ya gyara musu. Ya sayi adafta wurin Maliki, ya biya wurin Zailani don a tabbatar masa, aka ce hagu. Ya musanya, aka ce hagu. Da aka faɗa masa haka karo na uku, ranar wata Asabar bayan azahar, sai ya kama hannun Maliki ya tsallako da shi.

“Ni ba adafta ce ta dame ni ba,” in ji Malam. “Sahu ɗaya nake sallah da ku biyu. Wannan ya ce lafiya lau, wannan ya ce rabi. Ina so in san maganar wa zan riƙe.”

Kafin a ce haka mutane sun taru. Mai shayi ya bar tukunyarsa, masu kayan miya suka miƙo wuya, Anwar ma yana nan. Zailani ya gyara zama. Ya san in aka tashi daga nan aka ce kunnensa ya yi kuskure, ba sauran abin da zai fito da shi kasuwa. Amma bai yi shakka ba. Ya sa iyafis, Malam ya kunna karatun wani ɗalibi, ya rufe ido.

“Hagu,” ya ce. “Kamar sauran.”

“To a ba wasu su ji mana,” in ji mai shayi. “Mu nan kunnuwa sun fi arba'in. Kowa ya ji ya faɗi.”

Har wani ya miƙo hannu, sai Maliki ya riga shi ɗaukar wayar.

“Ku dakata in sake dubawa tukuna. Kayana ne.”

Ya zaro adafta, ya ciro tsinke daga bayan kunne ya ɗan sakaci ramin, ya hura, ya mayar. Sannan ya juya wayar wajen ƙirjinsa, babban yatsansa ya yi 'yan taɓe-taɓe a kan gilashin, ya ja wani abu gefe guda. Ya miƙa wa Zailani da hannu biyu.

“Injiniya, a sake ji.”

Zailani ya sa. Muryar ɗalibin ta tsaya masa daidai tsakiyar kai, dama da hagu ba wadda ta fi wata. Ya daɗe bai ji sauti ya cika haka ba. Ya so ya ce da saura, amma bai taɓa yi wa kunnensa ƙarya ba.

“Yanzu ya daidaita.”

“To Malam, maganar Injiniya za ka riƙe,” in ji Maliki. “Laifina ne. A yi mini haƙuri.”

Ya karɓi wayar kamar zai goge ta da bakin riga, yatsan ya sake wucewa a kan gilashin, ya miƙa wa Malam Sha'aban. Malam ya saurara, ya ce alhamdu lillahi, ya yi musu addu'a su biyu.

“Kunnen Injiniya ke nan,” in ji Anwar. “Baba Maliki, sai ka riƙa turo kayanka nan ana yi musu awo kafin ka sayar.”

“Ko ya koma batir,” in ji mai shayi.

Maliki ya yi murmushi, ya tsallaka taku goma sha biyunsa.

Ya kamata Zailani ya koma gida da farin ciki, kuma ya fara hanya da shi. Amma tun kafin ya kai kwanar gidansu yatsan nan ya tsaya masa a rai. Sau biyu ya ga ya motsa. Tsinken bai fito da komai ba, ya lura da wannan. Ashe akwai wani gyara a cikin wayar da Mai Batir ya sani, shi mai takarda bai sani ba, kuma ya yi shi cikin minti ɗaya a gaban jama'a ya ɓoye. Ya rantse ba zai kwana bai gano shi ba.

Ya tarar da 'yarsa Murjanatu ta zo gaida uwarta, wayarta kuma irin ta Malam ce. Ya aro ta da adafta da iyafis, ya sa tabarau, ya zauna a tsakar gida da sauran hasken la'asar. Yana karanta Turanci, don haka bai sha wuya ba. Ya bi saiti ɗaki-ɗaki har ya iso wani layi a kwance, da ɗigo a tsakiyarsa, an rubuta hagu a wannan ƙarshe, dama a wancan. Ya kunna karatu. Hagu tana ƙasa, kamar kullum. Ya ja ɗigon zuwa hagu, yadda ya ga yatsan Maliki ya yi, sai sauti ya dawo tsakiyar kansa.

Ya dubi 'yar igiyar. Wannan adaftar ba daga teburin Maliki ta fito ba, a Katsina Murjanatu ta saye ta. Ya mayar da ɗigon tsakiya. Sannan ya yi abin da ya sha gani ana yi a tsallake yana taɓe baki: ya cire na dama ya sa a hagu, na hagu ya sa a dama. Shirun bai bi iyafis ba. Yana nan inda yake, a kunnensa na hagu.

Kulu tana tankaɗe a gefe, tana kallonsa ta wutsiyar ido.

“Kulu, kunnen nan nawa...”

“Shekara biyu ke nan, Malam. Ba ka lura ta dama nake zagayowa in zan yi maka magana ba?”

“Shi ne ba ki faɗa mini ba?”

“In faɗa wa wa? Ranar da na ce ka rage ƙarar rediyo kwana biyu ba ka kula ni ba.”

Ya ba ta labarin abin da ya faru a kasuwa, yana yi muryarsa tana hawa. Ba godiya ce ta zo masa ba. Abin da ya gani shi ne Maliki ya sani tun adaftar Anwar, wata biyu yana zaune a tsallake yana kallonsa yana tausayinsa, yana musanya kaya masu lafiya, mutane suna guduwa daga teburinsa, bai buɗe baki ba. Yau kuma da ya bari kunnuwa arba'in sun ji, da an gama.

“Wa ya roƙe shi? Ni zai yi wa sadaka? Mutumin da ya zo garin nan da rediyo a zani?”

Kulu ta ajiye rariya.

“Ba sadaka ba ce. Ka manta da amfilifayar masallacin unguwa?”

Ya manta. Sai da ta bi masa ita tiryan-tiryan. Jajibirin babbar sallah ne, shekarar da aka haifi Murjanatu, wato 1993. An ɗauke wuta, dattawa suka ce a haɗa amfilifaya da batirin mota don kabbarori. Zailani yana wurin aski, sai aka kira Maliki, tunda shi ne mai batir. Ya ɗaura jar waya inda baƙa take, baƙa inda ja take. Hayaƙi ya tashi. Zailani ya zo ya tarar da shi shi kaɗai a tsaye, ya dubi wayoyin, ya kwance su kafin kowa ya shigo. Ya gyara ta kafin magariba, ya gaya wa dattawa tsufa ne ya kama ta.

“Kai da bakinka ka ba ni labari kana dariya,” in ji Kulu. “Ka ce in aka ji mai sayar da batir bai san kai da gindin batir ba, ko na tocila ba mai ƙara saye a wurinsa.”

Zailani ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Shi abin bai kai ya ajiye shi a rai ba, aikin rabin yini ne. Ya yi ƙoƙarin tuno fuskar Maliki a ranar, ya kasa.

“Shekara talatin,” ya ce. “Mutum ya riƙe abu shekara talatin bai ko nuna ba. Har a nan ma sai da ya fi ni.”

Ranar Litinin ya fito kasuwa a makare. Ya buɗe rumfa, ya jera filayoyinsa, bai dubi tsallake ba. Can wajen hantsi sai ga Maliki da wata tsohuwar rediyo mai rigar fata, ya ce wani dattijo ne daga Baure ya kawo masa, shi kuma ya gaya masa wannan ba aikinsa ba ne.

“Mai Batir,” in ji Zailani.

“Injiniya. Ya ƙafar Hajiya Kulu?”

“Da sauƙi.”

Bencin baƙi yana gefen hagu na rumfar, inda yake tun ranar da aka kafa ta. Maliki ya ɗauke shi kamar mai neman inuwa, ya zagaya da shi dama, ya zauna. Zailani ya ga haka. Ya jawo rediyon, ya sa mata batir, ya juyo da kunnensa na dama.